Alhakin Kyanwar Bature

A cikin kwandon kaba aka shigo da ita gidan Gwadabe, an shimfiɗa mata guntun bargo kamar jaririyar da za a kai wa kakanni su gani. Kyanwa ce fara sol, ƙatuwa, gashinta na sheƙi. Baturen da ke sayen gyada a Malam Madori, ubangidan Gwadabe, zai tafi ƙasarsu hutu sai bayan damina, shi ne ya bar ta amana. Gwadabe ya kira matarsa Mairo da tsohuwa Yelwa tsakar gida, ya zayyana musu dokoki kamar mai shela a kasuwar Hadejia. Ba a ɗaure ta, ba a kulle ta, ba a daka mata tsawa. Madara da safe, kifi da yamma. In Bature ya dawo ya ga ta rame, aikin Gwadabe ya tafi, kuma kafin aikin ya tafi sai ya ga bayan wanda ya jawo masa.

A makon nan kuma kajin Mairo uku suka ƙyanƙyashe, 'yan tsaki ashirin da shida. Gwadabe mutum ne mai son a ce ya iya. Tun ƙwai bai fashe ba ya riga ya cika wa Bature baki cewa in ya dawo zai tarar da samarin kaji masu taushin nama, irin waɗanda kukunsa ke gasa masa. Saboda haka aka ƙara doka ta biyu: ko ɗan tsako ɗaya kada ya ɓace. Duk dokokin biyu a kan Yelwa aka ɗora su. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa an haɗa kyanwa da 'yan tsaki a tsakar gida ɗaya sai ita, ita kuwa ba a tambaye ta ba.

Yelwa 'yar baiwar uban Gwadabe ce. A gidan aka haife ta, a bayanta Gwadabe ya yi wayo. Yanzu ta haura sittin, idonta na hagu ya yi yana, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Nasara sun yi shela cewa bauta ta ƙare, amma abu ɗaya shelar ta canja a gidan nan. Da in an yi fushi da ita dukanta kawai ake yi, yanzu kuwa a dake ta kuma a nuna mata ƙofa, a ce ai ita 'ya ce ba baiwa ba, ta tafi inda take so. Ina take so? Ba dangi, ba ɗa, ba jika. Abin da ta mallaka a duniya ɗan ɗakin ciyawa ne a jikin akurki, da tabarma, da ƙwarya biyu. A ɗakin nan uwarta ta cika, a nan ita ma take fatan mutuwa ta same ta, a wanke ta, a fitar da ita ta ƙofar gidan da ta yi wa bauta. Ba ta roƙon Allah abin da ya wuce wannan.

In dai kiwon 'yan tsaki ne, duk unguwar bakin kogi ba wanda ya kai ta. Kwana biyu da ƙyanƙyasa ta ɗingisa zuwa wajen dukawa, ta roƙo ragowar ruwan karan dafi da suke rina fata da shi, ta tsoma 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya, suka fito jawur kamar barkono. Shirwa in ta hango jan abu daga sama ba ta gane abincinta ne, sai ta yi ta shawagi ta wuce. Ta saro ƙayar bagaruwa ta tula a kusurwa uku na tsakar gida, yadda in kaza ta yi kukan gargaɗi 'ya'yanta su ruga ƙarƙashi, shaho ya sauko ya koma da ƙaya a fiffike. Da yake damina ce, kogi ya cika ya malale fadama ya koro duk abin da ke rarrafe zuwa cikin gari, sai ta ɗora akurki a kan duwatsu, ta toshe ramin da ruwa ke fita da ƙaya saboda guza da tunku, ta zagaye wurin da toka saboda kwarkwasa. Rumbu ya kusa ƙarewa, ba a ba ta ko dusa, don haka kullum ta cusa busasshen kashin shanu da karmami a fasasshiyar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri, da sassafe ta ɗauko cike da gara ta zazzage musu. Duk wani maƙiyin ɗan tsako da ke sama ko cikin rami ta san maganinsa. Wanda ke kwana a kan bargo yana shan madara ne ba ta da maganinsa.

Kwana tara ba a rasa ko ɗaya ba. Ran na goma da hantsi Yelwa na can bakin rijiya tana kaɗa sanda tana korar shirwa, sai ta juyo ta hangi farin abu ya sulale daga ƙarƙashin rumbu, ya koma da jan abu a baki. Ko da ta ƙarasa, kyanwar ta karya masa wuya, tana jefa shi sama tana cafewa. Ba ta ci ba. Ina za ta ci, cikinta cike da kifi? Wasa take yi, da wasan ya ishe ta ta miƙe ta lashe ƙafa ta tafi inuwa.

Yelwa ta ɗauki gawar ta kai wa Mairo, ta nuna mata shaidar haƙori a wuya. Mairo ba ta ko ajiye audugar da take kaɗi ba. Ta ce kyanwar da ta tashi a gidan Bature, ta saba cin abinci a faranti, me za ta yi da ɗan tsako? Wannan aikin ɓera ne, ko kuma tsohuwa ce ta taka shi da ƙafarta mai ja, take neman wanda za ta laƙa wa.

Da magariba, lokacin da kaji ke shiga akurki, Gwadabe ya tsuguna ya ƙirga da kansa. Ashirin da biyar. Ya shiga turaka ya fito da bulalar dorina. Sau uku ya zabga mata a gadon baya, inda ta taɓa goya shi, zanen ya tsage, jini ya tsattsafo. Ya naɗe bulalar yana cewa ba shi ya dake ta ba, sakacinta ne ya dake ta, kuma daga yau kowane ɗan tsako bulala uku ne.

Kyanwa ta ɗanɗana wasan ta ji daɗi. Washegari ta ɗauki ɗaya, bayan kwana biyu ta ɗauki biyu. Ta gane inda ƙaya take da rata, ta gane idon da Yelwa ba ta gani da shi, ta wannan gefen take zuwa. Yelwa ta daina kwanciya rigingine, sai ruf da ciki, ƙuda na bin bayanta. Abin da ya fi bulalar ciwo shi ne ita ke zuba wa kyanwar madara da hannunta kowace safiya, tana kallo tana lasa, ita kuma sai ƙanzon tuwon jiya da aka jiƙa da ruwa.

Da ta ga za a kashe ta a banza, sai ta yi dabara. Ta ja kyanwar da kan kifi har cikin ɗakinta, ta ajiye mata ruwa da bargonta, ta ja ƙyauren kara ta tokare. Tunaninta shi ne ta riƙe ta daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da 'yan tsaki ke kiwo, ta sake ta kafin maigida ya dawo. Ranar farko abin ya tafi daidai, aka ƙirga ba a rasa ko ɗaya ba. Rana ta biyu ruwa ya cinye hanyar Malam Madori, Gwadabe ya juyo tun kafin azahar. Tun daga zaure ya jiyo kukan kyanwa.

Ya banke ƙyauren da ƙafa, kyanwa ta fito da gudu. Ya cafki Yelwa ta wuya ya haɗa ta da bangon rumbu.

“Ke ba ki ji abin da malamai ke faɗa ba? Mace guda ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa. Wuta za ki jawo mini cikin gida?”

“Maigida, na ba ta ruwa, na ba ta kifi. Waccan yunwa ta bar ta da ita.”

“Har kin zama malama.”

Wannan karon bai ƙirga ba. Ya yi ta tafka mata ta ko'ina, bakin bulalar ya naɗo fuskarta ya sauka a idon dama, mai ganin. Gwadabe bai cika zuwa masallaci da asuba ba, amma wannan magana ta kyanwa ya riƙe ta da kyau, duk karatun da ya sani ke nan a kan tausayi. Da ya gaji ya wurgar da bulalar ya sa Mairo ta ɗumama wa kyanwa madara, wai ta firgita.

Idon ya kumbura ya rufe. Yelwa ta koma ganin duniya da na hagu mai yana, komai dishi-dishi kamar an duba ta cikin ruwan tsari. Rinin karan dafi kuma ya fara koɗewa da ruwan sama, fuka-fukai na fitowa farare. Ba ta ƙara ganin inuwar shirwa a ƙasa, sai dai ta ji kaza ta yi ƙara, ta kaɗa sanda inda ba komai. Yanzu sama na ɗauka, ƙasa na ɗauka.

Maƙwabciyarsu Ya Gana, Babarbariya mai bandar kifi, ta jiyo dukan ta kan danga. Ta aiko da tsohon kwandon kamun kifi na mijinta, mai faɗi, wanda ba abin da zai shiga ta idonsa. Yelwa ta kife 'yan tsakin a ciki, ta zauna a gefe, ta yi ajiyar zuciya. Ba a yi rabin yini ba Mairo ta fito ta yi ƙwallo da kwandon. Ta ce ɗan tsakon da aka kife ba ya girma, Bature nama zai ci ba gashi ba. In an kulle su wa zai ciyar da su? Dawar da ta rage ta mutane ce, dusa kuma ta dokin maigida ce. Kuma ba ta son kayan aro a gidanta, kada a ce a unguwa Mairo ta rasa kwando.

Da suka sauko zuwa goma sha huɗu, Mairo ta tsinci jan gashi a bayan murhu, inda kyanwa ta ja wani ta yayyaga. Nan ta sami abin da take nema. Ta ce ashe tsohuwa ce ke gasa su tana ci, shi ya sa kullum take fakewa da baiwar Allah marar baki. Ta danne Yelwa a ƙasa, ta matse mata muƙamuƙi ta buɗe bakin ta shinshina, haƙori ɗaya da ke girgiɗi ya fita a hannunta. Ba ta ji ƙanshin nama ba, sai warin yunwa, amma ta ce ta ji.

Mafarauta suna da wata dabara. In karensu ya koyi cin kaji, sai su ɗaura masa mushen kaza a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya ruɓe, wai wari zai sa ya tsani kaza har abada. Mairo 'yar gidan mafarauta ce, ta san wannan. Ta ɗauko ragowar ɗan tsakon, ta zarge shi da igiyar rama, ta ɗaure a wuyan Yelwa da ƙulli uku. Ta ce in ta kwance, maigida zai ji.

Kwana biyu Yelwa ta yi da shi. Zafin damina ba ya barin mushe, tun yinin farko ya kumbura, a na biyu tsutsa ta fara sauka cikin zanenta. Ta kasa cin ƙanzon ma. Abin da ya fi damunta salla, don ba ta san ko ta halatta da mushe a wuya ba, kuma ba wanda za ta tambaya. Sai ta yi alwala ta zauna ta fuskanci gabas tana hawaye da ido ɗaya. Kunya ta fi ƙarfinta, in ta ji sallama sai ta rarrafa bayan akurki.

A nan Ya Gana ta same ta da ta shigo karɓar kwandonta. Ta tsaya cik, ta toshe hanci, sannan ta sauke hannun don ta ga tsohuwar ta lura. Ta zaro wuƙar gyaran kifi daga ɗamararta ta yanke igiyar, ta cilla mushen bayan danga.

“Iya Yelwa, wa ya yi miki wannan?”

Mairo ce ta amsa daga bakin ɗaki, ta ce horo ne, kowa da yadda yake gyara gidansa, mai bandar kifi kuwa ba ita za ta koya wa mutane zancen wari ba.

Ya Gana ta wuce zaure inda Gwadabe ke zaune. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan ta faɗa masa duk unguwa ta san kyanwar ce, don ko nata 'yan tsakin biyu ta ɗauke. Ta ce ya ji tsoron Allah, wannan tsohuwa uwa ce gare shi. Gwadabe ya saurara har ta gama, cikin sanyin murya ya ce ai shi ya fi kowa sanin darajar Yelwa. Wa ke ciyar da ita? Wa ya bar mata ɗaki, alhali tun da Nasara suka yi shela wasu sun kori nasu? Tsufa ne ya sa ta fara ɓarna, in ba a taɓa ta ba sai ta lalace. Shi ma fa a ƙarƙashin wani yake, in aikin kantin Bature ya kuɓuce har ita tsohuwar yunwa za ta kashe. Don amfaninta ake yi.

Amma maganar ta ƙona shi, don mace ta shigo har zaurensa ta yi masa wa'azi. Ya Gana na fita ya shiga gida ya tsaya a kan Yelwa. Ya ce tun da ta fara kai ƙararsa waje, bulala ta ƙare. Goma sha ɗaya suka rage. Ɗaya ya sake ɓata, ta ɗauki ƙwaryarta biyu ta bar masa gida, ɗakin kuma zai zuba harawar doki a ciki.

Da bulala ce da sauƙi. Yelwa ta kama ƙafarsa ta roƙe shi da sunan mahaifinsa, ya fizge ya wuce. Daga ranar ta daina barin 'yan tsakin ko taku ɗaya. In sun nufi bakin rijiya ta ja gindi ta bi su, in sun koma jikin rumbu ta biyo. Tunda ido ya ƙi, sai ta koma aiki da kunne, ta koyi bambanta kukan da kaza ke yi wa abin sama da wanda take yi wa abin ƙasa. Ruwa ya dake ta a waje ba ta shiga ɗaki ba. Ta daina shan ruwa da rana don kada fitsari ya tashe ta. Kwana huɗu a haka, goma sha ɗaya suna nan.

Ran na biyar Juma'a ce. Mairo na son fura, ta ce ƙugunta na ciwo, Yelwa ta zo ta yi mata daka. Yelwa ta ce 'yan tsaki fa? Mairo ta ce ai ga su nan a gabanta, ba daji za ta je ba. Yelwa ta jawo turmi tsakiyar gida ta kama taɓarya. Ƙanshin gero ya jawo 'yan tsakin suka kewaye turmin suna tsintar abin da ya fantsalo. Mairo na zaune a kan kujera taku huɗu daga wurin, tana tsefe kai.

Kyanwar ta fito a hankali, ba ta ko ɓuya ba. Ta ratsa ta gaban ƙafar Mairo, ta yi tsalle ɗaya ta danne mafi girmansu, wani mai ɗan zanko da ya fara fitowa. Ɗan tsakon na ƙara yana fuffuka a bakinta.

“Uwar ɗakina, duba. Ga ta nan a gabanki. Kin gani da idonki.”

Mairo ta duba. Ta ga kyanwa, ta ga ɗan tsako, ta ga jini a farin gemunta. Sai ta mayar da kai ta ci gaba da tsifa.

“Ni ban ga komai ba.”

A nan Yelwa ta gane cewa tun farko kowa ya sani. Ba shaida aka rasa ba, wanda za a daka ake bukata, kuma kyanwa ta Bature ce. Da magariba za a ƙirga goma, a nuna mata ƙofa. Taɓarya na sama a hannunta. Ba ta yi shawara ba, ta sauke ta da duk ƙarfin da ya rage mata, ba cikin turmi ba. Ƙashin bayan kyanwar ya yi ƙas. Ta saki ɗan tsakon tana jan ƙafafun gaba tana wani irin kuka, Yelwa ta ƙara mata a ka, ta yi shiru. Ɗan tsakon ma bai tashi ba.

Mairo ta ƙwalla ihu. Gwadabe na turaka yana shirin masallaci, ya fito da farar rigarsa. Ya ga farin gashi cikin jini, ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya fizge taɓaryar daga hannun tsohuwar. Na farko ya same ta a kafaɗa ta zube. Na biyu da na uku a haƙarƙari, ƙarar ta yi daidai da wadda aka ji ɗazu. Ya yar da taɓaryar ya hau ta da ƙafa, yana tattakawa yana cewa ta kashe shi, ta kashe masa aiki, ta jawo masa bala'i. Kajin suka watse, turmi ya kife, gero ya zube cikin taɓo. Yelwa ba ta yi ihu ba, numfashin yin ihun ma babu. Ya kama ta ta ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya ja ta a ƙasa ta tsakar gida, ta zaure, ya watsar da ita a kwatar ƙofar gida. Mairo ta biyo da ƙwarya biyu ta jefo.

Lokacin tafiya masallaci ne, hanya cike da maza da wankakkun riguna. Suka rage tafiya, suka duba, wani ya ce subhanallahi, wani ya ce sha'anin cikin gida ne. Suka raɓa ta gefe don kada taɓo ya taɓa su. Ya Gana da mijinta ne suka ɗauke ta a kan zana suka shigar da ita rumfar da suke bandar kifi. Gwadabe ya canja riga ya sami salla.

Ya Gana ta gasa mata jiki da ruwan ɗumi, ta kira maɗori. Maɗorin ya taɓa gefen ƙirjin ya girgiza kai, ya ce ƙashin ya shige ciki. In ta yi tari sai jini. Yelwa ba ta nemi magani ba, ba ta yi wa kowa Allah ya isa ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa, a mayar da ita ɗakinta. Ta ce ba za ta ci musu abinci ba, ba za ta daɗe ba, kwanciya kawai za ta yi.

Ya Gana ta haɗiye fushinta ta koma wurin Gwadabe. Ta tarar gidan cike da hayaƙi da ƙanshin mai, Mairo na suyar waina. Tsofaffi sun gaya musu jinin kyanwa ba ya zuba a gida a zauna lafiya, sai an yi sadaka. Gwadabe ya riga ya naɗe kyanwar cikin sabon farin ƙyalle ya binne ta a bayan rumbu, ya ɗora dutse don kada kare ya tone. Ya Gana ta isar da saƙon. Ya ce shi mai yafiya ne, a zuciyarsa ya yafe mata, amma hannun da ya kashe kyanwa ba zai kwana a ƙarƙashin rufinsa ba, yana da iyali. Ɗakin ma an riga an zuba harawa. Ya sa aka ƙunsa mata waina ta kai wa yara.

Da Ya Gana ta dawo, Yelwa ta juyo da kai wajen motsin ƙafarta. Ya Gana ta ce ana gyara ɗakin ne, gobe za a mayar da ita. Yelwa ta san ƙarya ce, ta kuma san don tausayi aka yi ta.

A rana ta uku da hantsi, daga rumfar ana jiyo gidan Gwadabe, danga ce kawai tsakani. Kaza ta yi ƙara, irin wadda take yi wa abin sama. Yelwa ta yi yunƙurin ɗaga hannu kamar mai kaɗa sanda, ta ce, “Shirwa.” Hannun ya koma kan zana. Ta cika a rumfar kifin mutane, taku goma daga ɗakin da ta roƙa. Daga ƙofar Ya Gana aka fitar da ita, mutum bakwai suka bi gawar. Gwadabe ya aiko a ce yana da mura.

'Yan tsakin da ba mai tsaronsu, shirwa da tunku suka raba su cikin mako guda, ba a daki kowa ba. Bature ya dawo da kaka, aka ce masa maciji ya sari kyanwarsa. Sai ya tambayi yadda gyada ta yi bana. Gwadabe bai rasa aikinsa ba.

Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda aka kira. Da mata suka zo wa Mairo gaisuwa, ta share hawaye ta ce ita dama ta san za a yi haka, tunda tsohuwa ta ɗaga hannu a kan baiwar Allah, kwana uku kacal alhaki ya kama ta. Matan suka jinjina kai, suka koma gida da maganar. Ya Gana ta yi ta faɗa a bakin rijiya da kasuwa cewa taɓarya ce, ita ta wanke gawar, ta ga haƙarƙarin da idonta. Aka ce ta cika tsiya. Maganar Mairo ta fi sauƙin ɗauka, don ba ta tambayar kowa inda yake tsaye ranar Juma'ar nan. Wannan maganar ce ta zauna a unguwar, aka yi ta gadonta. Shekaru bayan haka, in yaro ya ɗauki dutse zai jefi kyanwa, sai uwarsa ta riƙe masa hannu ta ce ya ajiye, ya tuna abin da ya sami Yelwa.